Koci Obradovic da dattijon da ya zauna a bayansa

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda ke sauri ya ajiye shi sai ya samu sarari.

Na san yawancinmu a nan mutanen ƙwallon ƙafa ne, in ba Arsenal ba Madrid, in ba Madrid ba Barcelona. Yau dai ku yi mini haƙuri, ƙwallon kwando zan taɓo, kuma ta Turai, ba ta Amurka da aka fi sani ba. Akwai wani mutumin ƙasar Sabiya da ake kira Zeljko Obradovic. Ya ci kofin EuroLeague sau 9 yana koci, da ƙungiyoyi 5, a ƙasashe 4. EuroLeague a ƙwallon kwando ita ce kamar gasar Zakarun Turai a ƙwallon ƙafa. Don ku gane girman abin, Ancelotti da muke ta kambamawa sau 5 ya ɗauki nasa kofin yana koci.

Amma ba lissafin kofuna ya sa na ɗauko shi ba. Muhawarar nan ce da ba ta ƙarewa a dandalin nan: wasu na cewa dattawa su kauce su ba matasa wuri, wasu na cewa yaran yanzu ba su san komai ba sai surutu a waya. Ni a ganina kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne ya saki rabi. Kuma ban san wani labari da ya haɗa rabi biyun nan wuri ɗaya kamar yadda aka naɗa Obradovic koci a 1991 ba.

Bari mu fara da shi yana ɗan wasa.

An haife shi a 1960 a garin Cacak, a tsakiyar Sabiya, lokacin ƙasar tana cikin tarayyar Yugoslabiya. Ya fara da ƙungiyar garinsu, Borac, sannan a 1984 ya koma Partizan ta birnin Belgired. Aikinsa a fili shi ne raba ƙwallo, wato shi ke ɗauko ta daga baya, ya duba inda kowa yake tsaye, ya yanke shawarar ta inda za a kai hari. Ya buga wa tawagar ƙasa a ƙarƙashin koci Dusan Ivkovic. Sun samu azurfa a gasar Olamfik ta 1988 a Koriya ta Kudu, inda Tarayyar Sobiyet ta doke su a wasan ƙarshe, suka kuma ci kofin duniya a Ajantina a 1990.

Sai dai fa a wannan tawaga ba shi ake zuwa kallo ba. Akwai Drazen Petrovic, akwai Vlade Divac, akwai Toni Kukoc, waɗanda duk suka yi suna a NBA. Shi ɗan wasa ne mai kyau, mai kai, amma ba tauraro ba. Akwai kuma baƙin tabo a tarihinsa da bai kamata a ɓoye ba: ya yi haɗarin mota da ya yi sanadin mutuwar wani mai tafiya a ƙasa, kotu ta ɗaure shi, ya yi zaman gidan yari, ya fito ya koma fili. Wato in da takarda za a bi, ba shi ne wanda kwamitin tantancewa zai ɗora a saman jeri ba.

A bazarar 1991 yana sansanin tawagar ƙasa ana shirin gasar Turai, sai Dragan Kicanovic, tsohon gwarzon Partizan wanda a lokacin shi ke kula da harkar wasanni a ƙungiyar, ya yi masa tayin zama babban koci. Shekararsa 31, da sauran ƙarfinsa, bai taɓa jan babbar ƙungiya ba. Ya amsa, ya ajiye takalmi, ya koma benci. Mutanen da jiya suke cin abinci tare, suke zolayar juna a cikin mota, yau shi ne zai ce wane ka shiga, wane ka zauna.

Wani zai ce ai wannan sanayya ce, tunda Kicanovic ma ɗan Cacak ne. To, ban musa ba, ɗan garinsu ne. Sanayya ba a Najeriya kaɗai take ba. Abin dubawa shi ne me suka yi bayan sun ba shi kujerar. Ba su miƙa masa mabuɗi suka juya baya suna jiran ya faɗi a yi dariya ba. Sai suka ɗauko Aleksandar Nikolic suka zaunar a bayansa a matsayin mai ba da shawara.

Wane ne Nikolic? Shi ake kira uban ƙwallon kwandon Yugoslabiya, kuma Farfesa suke ce masa domin ya koyar a jami'ar Belgired. An haife shi a 1924, wato ya girmi Obradovic da shekara fiye da 35. Ya ci kofin Turai sau 3 da ƙungiyar Varese ta Italiya, a 1970 da 1972 da 1973. Ya ci wa Yugoslabiya gasar Turai a 1977 da kofin duniya a 1978. Mutum irin wannan, da ya ce shi yake son kujerar Partizan, wa zai hana shi? Amma ya yarda ya zauna a baya, yaron da ya haifa ya zama shi ne koci, shi ke magana da 'yan jarida, shi ke zaɓen wanda zai shiga fili, sunansa ne a takarda. Dattijo nasa gyara ne a wurin atisaye da shawara a bayan fage. Shi kuma yaron bai ɗauki hakan raini ba, kuma har ya girma bai daina faɗin abin da ya koya a wurin Farfesa ba.

Ku duba halin da suka fara aiki a ciki. A watan Yunin 1991 Silobeniya da Kuroshiya suka ayyana ɓallewa, yaƙi ya ɓarke. Hukumar ƙwallon kwando ta duniya ta hana ƙungiyoyin yankin karɓar baƙi a gida. Dole Partizan ta nemi wurin aro, ta samu wani gari a gefen Madrid mai suna Fuenlabrada, kusan duk wasanninta na gida a can ta yi su. Ka ɗauka a ce Kano Pillars za ta yi kakar wasa guda tana karɓar baƙinta a wata ƙasa, kullum a jirgi, iyalai na gida cikin zullumi. Ga shi manyan 'yan wasan ƙungiyar sun riga sun watse, Divac ya tafi Lakers tun 1989, Paspalj ya tafi Girka. Abin da ya rage samari ne 'yan shekara ashirin da 'yan kai, a gabansu akwai Aleksandar Djordjevic da Predrag Danilovic. Mutanen Fuenlabrada kuwa suka rungume su kamar nasu, har ana kiran ƙungiyar Partizan ta Fuenlabrada.

A watan Afrilun 1992 suka kai wasan ƙarshe a Istanbul, suka haɗu da Joventut ta Sifaniya. Saura 'yan daƙiƙu a tashi Joventut ta shiga gaba, 70 da 68. Djordjevic ya karɓi ƙwallo, ya ruga da ita tsawon fili, ya tashi ya jefa ta nesa mai maki 3, ta shige. 71 da 70. Partizan ta zama zakarar Turai, da kocin da yake shekararsa ta farko a aiki. A wannan kakar suka haɗa da kofin lig da na ƙalubale na gida.

Wata guda da 'yan kwanaki bayan haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaƙaba wa ƙasar takunkumi, har da na wasanni, Partizan ba ta ma samu damar kare kofinta ba. Djordjevic ya tafi Milan, Danilovic ya tafi Bologna. Ƙungiya ta watse. Abin da bai watse ba shi ne abin da aka zuba a kan kocin.

Ga hujja. Joventut ɗin nan da ya doke, su suka ɗauke shi aiki, ya ci musu kofin a 1994. A 1995 ya ci da Real Madrid. Daga 1999 zuwa 2012 yana Panathinaikos ta Girka, shekara 13, ya ci kofin Turai sau 5, a 2000, 2002, 2007, 2009 da 2011, ga kofin lig na Girka sau 11. Na 2002 ma a Bologna aka yi wasan ƙarshe, ya doke masu gida a gaban jama'arsu, suna da Manu Ginobili. A 2013 ya koma Fenerbahce, a 2017 ya ci mata kofin, karo na farko da wata ƙungiyar Turkiyya ta taɓa ɗauka. Da tawagar ƙasa kuma ya samu azurfa a Olamfik ta 1996, ya ci gasar Turai a 1997 da kofin duniya a 1998. A 2021 ya koma gida Partizan, a 2023 ya ci mata kofin lig ɗin yankinsu. Duk wannan bai taɓa horar da ƙungiya a NBA ba.

Idan kofi ɗaya ne a ce sa'a ce, ko a ce ai Farfesa ne ya yi aikin. Amma Nikolic ya rasu a 2000, yawancin kofunan nan bayan ransa aka ci su. Wannan shi ne ma'aunin malami na gaskiya: ɗalibi ya ci gaba da tafiya bayan an ɗauke hannu.

Abin da ya fi burge ni kuma, Obradovic bai bar abin ya tsaya a kansa ba. Dimitris Itoudis, mutumin Girka, ya yi masa mataimaki duk shekara 13 ɗin nan a Panathinaikos. Da ya tashi ya zama koci mai cin gashin kansa, ya ci EuroLeague da CSKA ta Rasha a 2016 da 2019. Kun san wa ya doke a wasan ƙarshe na 2016 a Berlin? Maigidansa, Obradovic, bayan ƙarin lokaci. Sarunas Jasikevicius, mutumin Lituwaniya, ya buga wasa a ƙarƙashinsa, ya zama koci, ya ci kofin da Fenerbahce a 2025. Djordjevic mai jifan nan na Istanbul shi ma ya zama koci, ya kai Sabiya wasan ƙarshe na kofin duniya a 2014 da na Olamfik a 2016. Ka ga sarƙa ke nan, daga Nikolic zuwa Obradovic, daga shi zuwa na bayansa. Ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 7 ba, ba su ko kama ƙafar jihar Kano ba, amma kociyoyinta sun cika Turai. Ba tsafi ba ne, miƙa hannu ne.

Har mu ma mun ɗan taɓa cin moriyar abin. Ekpe Udoh, ɗan asalin Najeriya da aka haifa a Amurka, shi ne na 6 da aka zaɓa a ɗibar sababbin 'yan wasa ta NBA a 2010, amma tauraronsa bai haska a can yadda aka zata ba. Ya je Fenerbahce a 2015, ya shiga hannun Obradovic, a 2017 shi aka ba kyautar gwarzon ɗan wasa a zagayen ƙungiyoyi huɗu na ƙarshe. Daga nan NBA ta sake kiransa, ya tafi Utah, daga baya ya sa wa Najeriya riga a kofin duniya na 2019 da Olamfik ta Tokyo. Mutum ɗaya ne, tsayinsa bai ƙaru ba. Wanda ya san inda zai ajiye shi ne ya samu.

Yanzu bari in zo kan abin da na san wasunku za su faɗa a ƙasa.

Na farko, za a ce ai kuɗi ne. Gaskiya ne Panathinaikos ta lokacin tana hannun iyalan Giannakopoulos masu kamfanin magunguna, sun zuba dukiya, Fenerbahce ma ba matalauciya ba ce, balle Real Madrid. Amma kuɗi ne suka bi shi, ba shi ya fara da su ba. Kofin farko da samari marasa filin gida aka ci shi. Kuma ƙungiyoyi nawa ne a Turai suka kashe irin wannan kuɗi suka tashi a tutar babu?

Na biyu, za a ce mutumin nan masifaffe ne. Wannan kam duk wanda ya taɓa kallonsa ya sani. In ya kira ɗan hutun nan na tsakiyar wasa, fuska ta yi jajir, jijiyar wuya ta tashi, yana surfa wa ƙato mai tsayin ƙofa faɗa kamar ɗan firamare. Ni ban goyi bayan wannan ba, kuma ina roƙon masu riƙe da ofis kada su karanta rubutun nan su ce an ba su lasisin yi wa na ƙasa tsawa. Abin da nake so a lura da shi, manyan 'yan wasa irin su Dejan Bodiroga da Dimitris Diamantidis sun yi shekaru a ƙarƙashinsa, suna da damar tafiya duk inda suke so, kuma a hannunsa suka kai ƙololuwa. Mutum yana jure faɗan wanda ya tabbata ya san aikin kuma gyara yake nufi. Mu matsalarmu, da yawa sun kwafi tsawar sun bar sanin.

Na uku, za a ce ai shi ma ya taɓa faɗuwa. Ƙwarai kuwa. Ya sake karɓar tawagar ƙasa a 2004, aka yi musu kaca-kaca a Olamfik ta Atens. A 2005 su ne masu masaukin gasar Turai, tawaga cike da 'yan NBA, Faransa ta fitar da su a garin Novi Sad tun kafin a kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe. Ya fito gaban 'yan jarida ya fasa ƙwai, ya bayyana irin girman kai da rashin jituwar da ke tsakanin 'yan wasan, ya ajiye aikin. To ni wannan faɗuwar ƙara mini hujja ta yi. Kocin da ya ci kofi da yara marasa suna ya kasa da taurari, domin na farkon sun zo koyo, na biyun kowa ya zo da nasa. Ilimi ba ya shiga kan da ya riga ya cika. Sharaɗin da ya hau kan Obradovic a 1991, wato ya sunkuyar da kai a gaban wanda ya fi shi sani, shi ne ya hau kan 'yan wasansa a 2005, suka ƙi.

To ina wannan ya shafe mu?

Mu da muke aikin gwamnati mun san doka: shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, sai ritaya. Abin da muke gani iri biyu ne. Ko dai mutum ya tafi da duk abin da ya sani a kansa, a yi masa walima, a ba shi agogon bango, ya bar takardar miƙa aiki mai shafi biyu, wanda ya gaje shi ya yi shekara yana lalube a cikin fayil. Ko kuma ya ƙi tafiya, a nemo masa ƙarin wa'adi ko kwantiragi, ya ci gaba da riƙe biro da hatimi, na ƙasa su tsufa suna jiran layi. A ɗaya gefen kuma, in aka yi sa'a aka naɗa matashi, abu na farko da yake yi shi ne ya nesanta kansa da duk wanda ya riga shi, don kada a ce juya shi ake yi. Bayan wata shida sai ka ga ya faɗa ramin da masinjan ofis ma ya san da shi.

A 2018 an sa hannu a dokar da ta rage shekarun tsayawa takara, muka yi ta murna. Doka ta buɗe ƙofa, madalla. Amma doka ba ta zaunar da Farfesa a bayan kowa.

Abin da Partizan ta yi abu uku ne, kuma babu wanda yake buƙatar kasafin biliyoyi. Na ɗaya, kujera ta matashi ce da gaske, shi ke yanke hukunci, in an ci nasa ne, in an faɗi nasa ne. Na biyu, dattijo yana kusa amma ba ya sa hannu a komai, ba ya neman a ga fuskarsa, ba ya zagayawa ta baya ya kai ƙara. Da tsohuwar zuma ake magani, amma ba a ce a shanye tulun ba. Na uku, wanda aka koya wa ya san bashi ne a kansa, sai ya biya shi ga na bayansa, ko da kuwa wata rana na bayan nan zai doke shi a Berlin.

Na ukun nan shi ya fi mana wuya. Mu nawa ne a nan za su iya horar da mataimaki shekara 13, suna sane cewa zai iya zuwa ya fi su? Yawancinmu ɓoye fayil muke yi don kada yaro ya gane yadda ake rubuta takardar neman amincewa. Ina faɗin haka ne da mu 'yan shekara arba'in da wani abu, domin mu ne a tsakiya yanzu. Mun daɗe muna ƙorafin na sama sun danne mu. Nan da shekara goma ko sha biyar mu ne na saman. Wa muke koya wa?

Ko a ƙwallon kwandon ma muna da misali a gida. A 2023 aka ba Rena Wakama, tsohuwar 'yar wasa, ragamar D'Tigress tana da shekara 31, daidai shekarun Obradovic lokacin da aka naɗa shi. Ta ci kofin Afirka a wannan shekarar, a 2024 ta kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a Olamfik ta Faris, abin da wata tawagar Afirka, maza ko mata, ba ta taɓa yi ba, ta sake cin kofin Afirka a 2025. Wato ba matasa masu iyawa muka rasa ba. Amma kada mu manta, a 2022 rikicin shugabanci a hukumar ƙwallon kwando ya kai ga gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, matan nan suka rasa gurbin kofin duniya da suka sha wuya suka samu. Inda manya ke kokawa a kan kujera, wa ke da lokacin zama a bayan yaro? Sabiyawa suna cikin yaƙi da takunkumi sarƙarsu ba ta tsinke ba. Mu namu nasarorin sai su zo kamar ruwan bazara, a yi murna, a raba kyauta, a watse.

A Belgired, babban zauren wasan da aka daɗe ana kira Pionir an sauya masa suna a 2016, yanzu sunan Aleksandar Nikolic yake ɗauke da shi. Mutumin da ya yarda ya zauna a baya, sunansa ne a saman ƙofa.

Ina so in ji daga gare ku, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa da malamai. A wurin aikinku, akwai dattijon da ya saki kujera da kansa ya zauna yana koyarwa? Akwai matashin da aka ba wuri ya je da ƙafarsa ya nemi wanda ya riga shi? In akwai ku ba mu labari, ba sai kun kama suna ba. In kuma kuna ganin na yi son kai a wani wuri, ga fili nan, amma a yi ta cikin mutunci.

Allah Ya sa mu gama lafiya, Ya ba mu masu gadonmu da za su fi mu.